Agogon Baba, Ɗan Jamus

Bayan an yi addu'ar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai manya suka ce a zauna a raba gado tun kowa yana gari, kafin 'yan birni su watse. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren gidanmu da ke Kurugu, cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye, malamin da aka ɗauko ya gyara zama aka shiga lissafi. Gonaki ba su ba da wahala ba, domin akwai dattawan da suka san iyaka kuma suka san kuɗi. Haka shanu biyu da awaki da buhunan masara da tsohon keke. Inda aka cije shi ne kan wani ɗan abu da bai cika tafin hannu ba, wato agogon Baba.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san agogon nan. Baba ya sayo shi ne a Makka a hajjin 1977, zamanin da kuɗin mai ke yawo a hannun jama'a. Abokan tafiyarsa sun dawo da Seiko da Rado masu ruwan zinare da sarƙa mai ƙyalli, shi kuwa ya dawo da wani fari fat, siriri, babu lambobi a fuskarsa sai 'yan sanduna goma sha biyu, da hannaye kamar tsinken tsintsiya. Can ƙasa, daidai gurbin ƙarfe shida, an rubuta W. Germany da ƙananan baƙaƙe. Daga nan ya samo sunan da ya bi shi har yau, Ɗan Jamus. Da azumi, ranar da hadari ko hazo ya rufe rana, ladan ba ya kiran magariba sai ya aiko yaro ya tambayi Alhaji ƙarfe nawa.

To da aka zo kansa, Yaya babba ya ce shi ya ji labarin tsofaffin agogunan Jamus yanzu kuɗin fili ne da su. Ɗansa ya zaro waya ya nuna mana hotunan wasu masu irin wannan fuskar sak, da farashin da in aka mayar naira sai an shiga miliyoyi. Ƙanenmu ya ce shi dai tsohon ƙarfe yake gani. Malam ya ce akwai haƙƙin mata da na ƙananan yara a ciki, don haka ba za a yi masa kuɗi da ka ba, a kai wa masana. Da yake ni ne mazaunin Kano, sai aka damƙa mini.

Na kai shi kasuwar Sabon Gari, wajen wani dattijo da ya fi shekara arba'in yana gyaran agogo a kan ɗan teburinsa mai akwatin gilashi. Ya karɓa, ya juya shi, bai ko buɗe ba ya ce, "Ɗan nan, kwana nawa da rasuwar mai shi?" Na ce an haura arba'in. Ya ce, "Wa yake wana shi tun daga ranar?" Na ce babu, a cikin akwati yake. Ya yi murmushi ya ce, "Kuma ga shi yana tafiya. Dubi hannun sakan ɗin yadda yake tsalle ɗaya-ɗaya. Mai wani sulalewa yake yi. Wannan batir ne a cikinsa." Na ce, "Baba, ai da idona na sha ganin mahaifina yana wana shi bayan sallar asuba." Ya ce, "Yaushe rabonka da ganin hakan?" Sai na yi shiru, domin tun ina firamare ne.

Ya maƙala madubinsa a ido ɗaya, ya ɓalle murfin baya. Wani ɗan ƙaramin inji ne na Japan a ciki, an tokare shi da zoben roba don kada ya yi rawa a gidan da ya fi ƙarfinsa. Ya ce gilashin ma an sauya, maɓallin wanin ba nasa ba ne, maɗaurin kuwa fata ce aikin dukawanmu. Abin da ya rage na Jamus gidan ne da fuskar. Ya ƙara da cewa ko da injinsa na farko yana ciki, ba ya cikin sahun na miliyoyi, irinsu da yawa aka yi aka baza duniya. Ya yi masa kuɗi N15,000.

Na fito jikina a sanyaye. Kuɗin bai dame ni ba, abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekara da shekaru muna kiran abu Ɗan Jamus alhali zuciyar da ke bugawa a cikinsa ta Japan ce. Wannan ne ya sa na shiga bin tarihin irin wannan fuskar mara ado da ake dangantawa da Jamusawa, don in san ina asalinta yake. Abin da na tarar ya kwantar mini da hankali ta wata hanyar da ban zata ba, shi ya sa na ga ya dace mai karatu ya ji.

Bari mu fara daga gida. Kalmar agogo kanta baƙuwa ce, daga Yarabanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa. Kakanninmu da rana da inuwa suke lissafi: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, har malamai kan auna inuwa da tafin ƙafa don sanin shigar lokacin salla. Sai da Turawa suka zo da bariki da ofis da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, sannan ƙarfe kaza ya shiga bakin mutane. Amma kayan Jamus sun riga agogo zuwa ƙasar Hausa da nisa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar da allurai na birnin Nuremberg da ruwan takubba na Solingen a kasuwa, an ratso Sahara da su a bayan raƙuma. Takubban nan suna zuwa da tambari a jikinsu. Da maƙeranmu suka lura mai saye yana duba tambarin kafin ya taya, sai su ma suka riƙa buga irinsa, musamman jinjirin wata guda biyu, a kan takubban da suka ƙera da hannunsu. Kada mai karatu ya yi saurin ganin laifinsu, domin su kansu maƙeran Solingen sun daɗe suna buga hoton kyarkeci a takubbansu, alhali tambarin maƙeran wani gari ne mai suna Passau.

Wannan ya kawo mu ga rubutun nan na Made in Germany da muke girmamawa. Asalinsa tambarin tozarci ne. A ƙarni na 19 Ingila ce uwar masana'antu, Jamusawa kuwa an san su da kwaikwayo. A bajen kolin duniya na Philadelphia a 1876, wani farfesansu mai suna Franz Reuleaux ya fito fili ya ce kayan ƙasarsa masu araha ne marasa inganci. Maƙeran wuƙaƙe na Sheffield suka yi ta kukan cewa ana buga sunan garinsu a kan wuƙaƙen Jamus. Don haka a 1887 majalisar Ingila ta yi doka cewa kayan waje su riƙa ɗauke da sunan ƙasar da aka yi su, don mai saye ya gane ya kauce. Jamusawa suka ji kunya suka gyara aiki, kafin a ankara tambarin nan ya koma shaidar inganci. Wato matsayin da muka ba kayan Caina shekarun baya, Jamus ta taɓa zama a kansa.

A harkar agogo ma haka abin yake. Kamfanin Junghans, wanda Erhard Junghans ya kafa a 1861 a garin Schramberg, tsarin Amurkawa ya ɗauko na ƙera agogo da yawa da injina, kowane ƙarfe ya shiga gurbin ɗan'uwansa. Zuwa 1903 ya zama kamfanin agogo mafi girma a duniya, da ma'aikata sama da 3,000 da agogo sama da miliyan uku a shekara. A gabashin ƙasar kuma akwai wani ɗan gari kusa da Dresden mai suna Glashütte, wanda talauci ya kama bayan azurfar da suke haƙa ta ƙare. A 1845 Ferdinand Adolph Lange ya karɓi rancen gwamnati ya je can ya ɗauki yara 15 yana koya musu sana'a. Shi ma sai da ya yi zaman ƙaro ilimi a Faransa, ya leƙa Ingila da Suwizalan, kafin ya dawo gida.

Sai dai agogunan wancan zamanin ado gare su ƙwarai. Ra'ayin rage ado daga baya ya zo. A 1907 aka kafa ƙungiyar Werkbund a birnin Munich, wadda ta haɗa masu zane da masu masana'antu don a riƙa yin kaya masu kyau da talaka zai iya saya. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a Weimar. Ta koma Dessau a 1925, ta koma Berlin a 1932, a 1933 'yan Nazi suka matsa mata ta rufe. Shekara 14 kacal ta yi a duniya. Karatunta a taƙaice shi ne aikin da abu zai yi shi ke yanke siffarsa. Kujera don zama aka yi ta, buta don zuba ruwa, duk abin da bai taimaki aikin ba a cire shi.

A nan ne na ci karo da abin da ya fi ba ni mamaki. Yau duk agogon da fuskarsa ta zama fara mara tarkace sai a ce Bauhaus ne, alhali makarantar ba ta da sashen agogo. Sassanta na saƙa ne da aikin ƙarfe da kafinta da ɗab'i da gini da makamantansu. Fuskokin da ake dangantawa da ita a garin Pforzheim aka yi su, wajen kamfanonin da sana'arsu buga fuskar agogo suna sayar wa kowa. Babba daga cikinsu shi ne Weber & Baral. A wajajen 1937, kamfanin Lange da kamfanin Stowa duk sun fitar da agoguna masu fuska kusan iri ɗaya, da siraran lambobi dogaye, domin wuri ɗaya suka sayo. Ke nan tun daga tushe fuskar nan kayan kasuwa ce, kamar yadda masu ɗinki goma za su sari shadda a shago ɗaya a Kantin Kwari kowa ya ɗinka ya sa sunansa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa komai. A daren 23 ga Fabrairu 1945 jiragen Ingila suka ƙona Pforzheim, mutane fiye da 17,000 suka mutu. A ranar 8 ga Mayu, ranar ƙarshe ta yaƙin a Turai, bam ya faɗa wa babban ginin Lange. Aka raba Jamus biyu. Glashütte ta faɗa ɓangaren gabas, gwamnatin gurguzu ta ƙwace kamfanonin, a 1951 ta narkar da su cikin kamfanin gwamnati guda ɗaya. Pforzheim da ke yamma ta farfaɗo, ƙananan kamfanoni birjik suka ci gaba da harhaɗa agoguna, wannan ya yi gida, wancan ya yi inji, wani ya buga fuska. W ɗin da ke jikin agogon Baba sunan wannan ɓangaren ne, Jamus ta Yamma, wadda tun haɗewar 1990 aka daina rubuta ta a jikin kaya.

Wanda ya haɗa Bauhaus da agogo da gaske shi ne Max Bill, kuma shi ɗan Suwizalan ne. Ya yi karatu a Dessau daga 1927, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar zane ta Ulm a 1953. A 1956 ya zana wa Junghans agogon bango na ɗakin girki, a 1961 kuma ya zana musu na hannu, shekara 28 bayan rufe Bauhaus. Su ne irin waɗanda ɗan Yaya ya nuna mana a waya: zagaye siriri, gilashi mai ɗan tudu, sanduna a madadin ado. Daga baya kamfanin Braun, inda Dieter Rams da Dietrich Lubs suke zane, ya fitar da nasa na hannu a 1989 a kan wannan turba.

Kafin nan wata guguwa ta taso daga gabas. A watan Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fitar da agogon hannu na farko mai batir da ɗan dutsen kwatsa, wanda ya fi mai wani kiyaye lokaci, daga baya kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Cikin shekara ashirin kamfanonin Turai da dama suka durƙushe, kayan gyaran tsofaffin injina suka yi wuya. Guguwar nan ce ta iso har teburin masu gyara na ƙauyukanmu, ita ce kuma ta shiga cikin agogon Baba.

Bayan faɗuwar katangar Berlin, Glashütte ta sake tashi. Walter Lange, tattaɓa-kunnen wanda ya kafa sana'ar, ya dawo da sunan gidansu a 1990. A shekarar ce kuma Roland Schwertner ya kafa kamfanin Nomos, wanda a 1992 ya fitar da agogon Tangente, da fuskar da aka ɗauko daga irin ta 1937 ɗin nan. Wannan agogo da yau ake ɗauka a matsayin limamin salon Jamus, shekarunsa na farko da injin Suwizalan ya yi su, sai a 2005 kamfanin ya koma sa injin da ya ƙera da kansa. Junghans kuwa an sayar da shi ga wani kamfani na Hong Kong a 2000, ya durƙushe a 2008, wasu 'yan garin Schramberg suka ceto shi a 2009. Lange yana hannun kamfanin Richemont na Suwizalan tun 2000. In mai karatu yana neman agogon da jininsa bai gauraya ba, zai daɗe yana nema.

To su Jamusawan da me suke gane na asali, tunda fuska ba ta isa shaida ba? Da aiki suke ganewa. Mutanen Glashütte suna da ƙa'ida cewa ba a rubuta sunan garinsu a fuskar agogo sai aƙalla kashi 50 cikin 100 na darajar aikin a garin aka yi shi. Har kotu kamfanonin garin suka kai juna a kan wannan, kuma a 2022 gwamnatin Jamus ta mayar da ƙa'idar doka. Mutanen Suwizalan su ma tun 2017 kashi 60 suke nema kafin a buga sunan ƙasarsu. Abin lura a nan shi ne dokokin ba su ce dole komai ya zama na gida ba. Sun yarda akwai aro, abin da suka hana shi ne a ɓoye gwargwadonsa.

Wannan shi ne bambancin da ya kamata matasanmu su riƙe, domin yanzu wayoyinsu cike suke da tallar agoguna masu farar fuska da sunaye masu kama da na Jamusanci, ana cewa salon Jamus ne, gadon Bauhaus ne. Salo kowa na iya ɗauka, kuma agogon da aka yi a Caina da injin Japan yana iya yin aiki lafiya lau shekara da shekaru. In mai shi ya faɗi inda aka yi shi ya sa masa kuɗin da ya dace, ciniki ya halatta. Ha'incin yana farawa ne daga lokacin da aka jingina masa tarihin da ba shi da shi don a ninka farashi. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa. Mai saye ya tambayi abu uku kafin ya zaro kuɗi: wane kamfani ne ya yi shi, a wane gari, kuma wane inji ne a ciki? Wanda ke da amsa ba ya kwana-kwana.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane zafin wannan magana. Fatar jan akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme, ƙarni da ƙarni ana kai ta Turai ta hanyar Sahara, amma da sunan fatar Maroko aka san ta a can, saboda ta tashoshin arewacin Afirka take fita. Mu ne da aikin, wasu ne da sunan. Mutanen Glashütte, garin da jama'arsa ba ta kai 10,000 ba, sun tsaya sai da aka yi wa sunansu doka. Mu kuwa har yau ɗan Kura da hular Zanna da takalmin dukawa kowa na iya kwaikwaya ya sa sunan da ya ga dama. Da na sake duban maɗaurin agogon Baba, sai na ga shi kaɗai ne a jikinsa babu tambari, kuma shi ne aikin gida.

Da na koma Kurugu, kafin a sake zama, na shiga ɗakin Inna na ba ta labarin abin da aka gani a ciki. Ta ce, "Au, ashe ba ku sani ba? Ai ba ɓoyewa ya yi ba." Ta ce shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Challawa ne, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, lokacin baƙi sun cika Ƙaraye. Agogon ya tsaya cak ana gab da azumi. Baba ya kai wa wani mai gyara da ke zuwa ranar kasuwa, mutumin ya ce ƙarfen da ya karye ba a samunsa, sai dai ya sayi sabon agogo ko a sa masa injin batir. Baba ya ce a sa injin, amma kada a taɓa fuskar, domin idonsa ya saba da ita, ko da hasken fitilar ƙwai yana gane ƙarfe nawa. Ta ce ya faɗa wa duk wanda ya tambaya, mu ne muna yara ba mu tambaya ba.

Na daɗe ina juya wannan magana. Baba bai taɓa jin sunan Gropius ko Max Bill ba, amma dalilin da ya sa ya zaɓi farin agogo a Makka ya bar masu ruwan zinare shi ne dalilin da ya sa su suka cire ado, wato a duba sau ɗaya a san lokaci. Da za a tambaye ni inda gadon wannan salo ya fi zama daidai, zan nuna hannun manomin da ya yi shekara fiye da arba'in ana dogara da shi wajen shan ruwa da kiran salla.

A zama na biyu na faɗi abin da mai gyara ya gani, ban rage komai ba. Yaya babba ya yi dariya ya ce miliyoyinsa sun bi ruwa. Malam ya rubuta N15,000, na roƙi 'yan'uwa a sa shi cikin kasona, suka yarda. Yana hannuna yanzu da nake wannan rubutu, gida da fuska na Jamus, inji na Japan, maɗauri na Kano. A gida har gobe Ɗan Jamus ake kiransa, ni ma haka nake kiransa, sai dai duk wanda ya tambaye ni labarinsa nakan fara da abin da ke cikinsa.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa mu gaji gaskiyarsu kafin mu gaji kayansu. Amin.